Kusurwar Inna

Ko da zan manta da duk aikin da hannuna ya taɓa yi, ba zan manta da yinin da na yi zaune a ƙasa a kusurwar ɗakin mahaifiyata ba. Shekaru sun shuɗe, na gyara sauti a manyan ɗakuna na manyan mutane, amma in aka tambaye ni aikin da nake bugun ƙirji da shi, wannan ɗakin nake tunawa.

Garinmu ƙauye ne a yankin Karofane, ƙasar Buza. Ni ce auta a ɗakinmu. Na yi karatun lantarki a Yamai, na samu aiki a wani gidan rediyo a Tawa, ina kula da na'urorin sauti. Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aikin kirki ga ɗiya mace ba. In maƙwabta suka tambaye ta labarina, sai ta ce ina can ina kama wayoyi kamar ɗan gyaran rediyo a kasuwa. Ina jin haushin maganar, amma ina haɗiyewa.

Yayanmu babba, ɗanta na fari, ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan tun ina ƙarama. Da Allah ya buɗa masa, sai ya aiko aka rushe tsohon ɗakin ƙasar Inna, aka yi mata na siminti, da rufin kwano, da karo, wato tayil, mai sheƙi a ƙasa. Aka kafa fano na hasken rana, aka kawo ampili mai ƙara sauti da manyan lasifikoki biyu da muke kira bafuloli, don ta riƙa jin rediyo da karatun Alƙur'ani, da kuma saƙonnin murya da yake aiko mata ta waya. Matar Yaya, wadda ke zaune da Inna a gida, ta fitar da tsoffin tabarmi da barguna ta kai rumbu, ta ce ba su dace da sabon ɗaki ba. Ta jera kujeru a tsakiya, ta cika bango guda da kabad mai gilashi da jeren kwanonin Inna. Duk wanda ya leƙa sai ya yaba.

Ba a daɗe ba Yaya ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce Inna ta fara kurumcewa. Matarsa ta gaya masa in an sa saƙonsa, Inna ba ta cewa komai, sai dai ta dubi bango. Rediyo ma ta ce a daina kunnawa. Har an kawo wani mai gyara daga Buza, ya tsaya a tsakar ɗaki ya saurara, ya ce kayan lafiya lau suke, kunne ne. Yanzu an daina sa mata saƙon, matar Yaya ke saurara a waje ta zo ta taƙaita mata: yana gaishe ki, yana lafiya.

Maganar ta buge ni, don na san abin da kurumta take nufi a gidanmu. Kakarmu, mahaifiyar Inna, haka ta ƙare. Ana yi mata magana da ihu, yara suna dariya, har aka gaji aka daina shawara da ita, ta koma zama bayan ɗaki ita kaɗai. Inna ce ta yi jinyarta, kuma na sha jin tana roƙon Allah kada ya nuna mata irin wannan tsufa.

Na ɗauki hutu na tafi gida. Da na shiga gaishe ta, na tarar da ita ta rame, ba ramar ciwo ba, ramar mutumin da ya sa wa ransa abu. Na zauna a kujera muna gaisawa, ina faɗa tana cewa in sake. Amma da yamma, da aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na yi mata magana a hankali ta baya, sai ta amsa ba tare da ta waiwayo ba. Nan zuciyata ta fara raya mini wani abu.

Washegari na sa aka kunna saƙon Yaya a ɗaki. Daga kan kujera ana ji, ba da daɗi ba dai, amma ana ganewa. Sai na dubi Inna. Ita ba ta taɓa hawa kujerun nan ba. Wurinta ɗaya ne tun a tsohon ɗaki: ƙasa, a kusurwa, bayanta jingine da bango, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa, inda take hango ƙofa da duk mai shigowa gida. Na sauka na matsa kusa da ita, na sa kaina daidai da nata. Wallahi ni da nake da ƙuruciya da lafiyayyen kunne, ban gane rabin abin da Yaya yake faɗa ba. Wani irin gunji ne kawai, kamar mutum ya zura kai cikin randa yana magana.

Abin ba sihiri ba ne. Sauti mai kauri yana bugun bangon siminti ya dawo ya haɗu da kansa, kuma a kusurwa yake taruwa, musamman a ƙasa inda bango biyu suka haɗu da daɓe. Can yake kumbura ya danne siraran sautukan da ke bambanta kalma da kalma. Kowa ya gwada kayan a tsaye ko a kujera, babu wanda ya taɓa zama inda tsohuwa take zama.

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba cewa ba ta jin maganar. Ta kawar da kai ta ce, "To mi zan ce? In ce a sake sa mani wancan in ji shi?"

Sai a lokacin na tuna. Ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, wancan take ce masa, ko mutumin Abijan. Kunyar ɗan fari ta hana ta cewa tana son jin muryarsa, tsoron kurumta kuma ya hana ta cewa ba ta ji. Ta yi shiru tsakanin biyun, mu kuma muka yanke mata hukunci. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo da fushin aiki.

Matar Yaya ta ce ai abu mai sauƙi ne, Inna ta koma kujera. Inna ta harare ta, ni ma ban goyi bayan haka ba. Mace ta shekara da shekaru a kusurwarta, ba za a tashe ta don bafule ba. Na ce ɗakin ne zai bi ta.

Na koma Tawa na ɗauko kayana: ordinata, wato kwamfuta, da ƙaramin makirufo na awo, da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba. Aikin akwatin nan shi ne ya karɓi sauti kafin ya isa ampili, ya mai da shi lissafi, ya rage inda aka ce ya rage, ya ƙara inda aka ce ya ƙara, sannan ya sake shi. Amma sai an fara auna ɗakin, a san inda yake ƙari da inda yake ci.

Awon nan shi ne abin dariyar da har yau ake ba da labari a unguwarmu. Ana buƙatar shiru, ni kuma na zo da hantsi, lokacin da kowane gida turmi ke tashi. Na bi gida gida ina roƙon mata su ɗan dakata da daka. Wata gwaggonmu ta riƙe taɓarya ta tambaye ni ko rediyon ne zai ciyar da yaranta. Da ƙyar aka yi tsit. Na ɗaura makirufo a jikin wata taɓarya da na aro, daidai tsayin kunnen Inna in tana zaune, na saki sautin awo. Wani sauti ne da ke farawa daga can ƙasa kamar rugugin hadari, ya yi ta hawa har ya koma siriri kamar kukan sauro. Yana farawa sai jeren kwanoni ya ɗauki rawa, murafai suna kaɗawa, gilashin kabad yana karkarwa. Matar Yaya ta fice da salati, kaji suka watse. Muna cikin sake gwadawa jakin maƙwabta ya ga shi ma yana da abin faɗa, dole aka koma farko.

Da zanen ya fito a ordinata, sai ga shi ƙarara: wani tudu a wajen sauti mai kauri, kamar dutsen da ke bayan garinmu, sannan gangara a daidai inda maganar mutum take fita. Na juya wa Inna fuskar na'urar na ce ga ciwon nan, ba a kunnenki yake ba. Ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba sai zanen yara.

Na zauna na rubuta wa akwatin abin da zai yi. Na sassare tudun nan har ya kwanta, na ɗan ɗaga wajen magana, don gaskiya kunnen Inna ya ɗan tsufa kamar na kowane tsoho, ba zan ɓoye ba. Na janye bafulolin daga jikin bango na fuskantar da su wajenta. Amma akwai abin da lissafi ba ya iyawa: amon da ke yawo tsakanin siminti da karo, wannan sai abu mai laushi ya sha shi. Na shiga rumbu na fito da tsoffin tabarmi da babban bargon saƙar hannu da Inna ta zo da shi gidan aure. Matar Yaya ta ce me baƙi za su ce. Na ce za su ce sun ji abin da ake faɗa. Muka rataye bargon a bango, muka shimfiɗa tabarmi, muka sa ƙyallaye tsakanin kwanoni da murafansu. Jeren Inna ko ɗaya ban sauke ba, don na san in na taɓa shi ni da akwatina za a kora. Na sake awo, tudun ya zama fili.

Bayan la'asar na ce Inna ta koma wurinta. Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ɗauki carbinta kamar abin bai dame ta ba. Na danna saƙon Yaya na ƙarshe, wanda aka riga aka taƙaita mata da cewa yana gaishe ta.

Muryar ta fito kamar yana durƙushe a bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya tambayi gwiwarta, ya tambayi ko an fara sharar gona. Carbin ya tsaya a hannun Inna. Ba ta dubi kowa ba har ya gama. Sannan ta ce, "Mura shikai. Kun ce mani lahiya lau shike."

Muka dubi juna ni da matar Yaya. Mun saurari saƙon nan da kunnuwanmu masu lafiya, babu wadda ta lura. Ita kuwa, da aka ce ta kurumce, ta ji toshewar hancin ɗanta daga Abijan. Ta ce a gaya wa wancan ya dafa citta da kanumfari ya sha, ya bar kwana gaban fanka. Sai ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce, "Ashe kunnena na nan."

Na ce suna nan, Inna. Na fara naɗe wayoyina don kada ta ga fuskata. Ina cikin haka na ji ta yi gyaran murya, ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Auta, sake sa shi."

Tunda nake ban taɓa jin ta nemi wani abu da ya shafi Yaya da bakinta ba sai ran nan. Na sake sa shi, na kuma sakewa, har aka kira magariba.

Kafin in koma Tawa na ji ta ta katanga tana ba gwaggon nan mai taɓarya labari. Ba ta ce ina kama wayoyi ba. Cewa ta yi ɗiyarta ta gyara ɗaki ba ta fasa bango ba. Takardar shaidar karatuna tana cikin akwati, ban ma san inda ta shige ba, amma wannan maganar tana nan a raina kamar jiya aka faɗe ta.

Inna ta rayu shekaru bayan haka a kusurwarta, tana jin rediyo, tana gyara wa masu labarai sunayen garuruwa, kuma ba a sake yanke wata shawara a gidan ba tare da ita ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka ce mutum ba ya ji, ka sauka daga kujerarka ka zauna inda yake zaune, ka saurara. Har yau duk gidan da aka kira ni gyaran sauti, ba na fara taɓa na'ura. Tambayar da nake fara yi ita ce: a ina tsohuwar gidan nan take zama?