Fitilar Taya a Dajin Falgore

Baba bai taɓa yarda cewa motata mota ce ba. Ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Jos, saboda haka ranar da na kawo motar lantarki gida sai ya zagaye ta, ya ɗora tafinsa a kanta, ya ce, "Wannan ai ba ta numfashi." Na ji haushi ƙwarai. Amma a cikinta na ɗauko shi daga asibiti a Kano, ranar da likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida a ci gaba da addu'a.

Inna tana Doguwa tana jira. Ta kira ni a waya ta ce, "Ka ji ko, in ka ga alama a hanya, ka laƙana masa kalmar shahada. Kada ka bari ya tafi shi kaɗai." Na ce to, na kwantar masa da kujerar gaba, muka ɗauki hanya mu biyu.

Damina ce. Ruwa ya tare mu tun daga Kwanar Dangora, bai ɗauke ba sai da muka shiga Tudun Wada bayan la'asar. Nan ne wata 'yar fitila rawaya ta kama a gabana, mai siffar tukunya da muciya tsaye a ciki. Ita ce ke nuna iskar taya ta ragu. Na tsaya wurin wani mai faci. Ba shi da abin awo, babban yatsansa ne abin awonsa. Ya danna, ya bubbuga tayoyin da ƙarfe, ya ce, "Alhaji, garau suke. Motocin nan naku tsegumi gare su." Muka wuce, fitila na nan.

Duk direban da ke bin hanyar nan ya san ba a tsayawa a dajin Falgore. Ko fitsari ne ya matsa maka, riƙe abinka. Wasu su ce 'yan fashi, wasu su ce abin da ba a ambata, ba wanda ke tsayawa ya tantance. Na sha ratsa dajin a mota mai shan fetur, rurin inji na ɗebe mini kewa. Ran nan kuwa ba inji. Sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin taya, sai numfashin Baba, yana ja da ƙyar, ya yi shiru, ya sake ja. Birai na zaune a gefen titi, ba su ji zuwanmu ba, ba su kuma gudu ba. Binmu kawai suke da ido. Can gaba shanu suka tsallaka titi a jere, na duba hagu da dama ban ga makiyayi ba. Tsoro ya kama ni.

Motar tana da nauyi, ga shi ba ta zo da tayar safaya ba. Idan taya ta fashe a nan, ina zan sa kaina da mara lafiya? Na fara rage gudu.

Baba ya buɗe ido. "Ɗan nan, me kake yi?"

"Baba, fitilar taya ce. Bari in duba."

"Taya lafiyarta lau. Ina jin ta a bayana. Kada ka tsaya."

A raina na ce, mutumin da ko ruwa bai iya haɗiyewa, me bayansa zai ji? Taurin kaina a wurinsa na gada. Na gangara gefe na fita.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ko tsuntsu ba ya kuka. Na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina durƙusawa ina kasa kunne ko zan ji iska na fita, ina shafa su ko zan taɓo ƙusa, duk ilahirin jikina na gaya mini ana kallona daga cikin itatuwa. Ban fi tsawon sallar raka'a biyu ba. Babu abin da ya sami ko ɗaya daga cikin tayoyin.

Na shiga da sauri na ja ƙofa. "Baba, kai ne da gaskiya."

Bai amsa ba. Fuskarsa na kallon ƙofar da na fita, hannunsa na dama kuma yana kan kujerata. Sai da na ɗaga hannun kafin na zauna sosai. Da ɗuminsa.

Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da rawaninsa, na ja mota. Ina ta maimaita kalmar shahada da ƙarfi, ni kaɗai nake jin kaina. Kafin mu fita dajin fitilar ta mutu da kanta. Daga baya wani makanike ya ce mini sanyin ruwan sama ne ya ɗan rage iskar, da tayoyin suka ɗumama ta koma daidai.

Mun isa Doguwa ana shirin kiran magariba. Inna ta fito zaure, ta dubi kujerar, ta yi salati. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ya cika da kalma?"

Na ce, "Ya cika da ita, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ta sake ni. Har ta rasu tana faɗa wa mutane cewa Baba ya cika ɗanta na kusa da shi. Ni kuwa kullum roƙona Allah ya sa gaskiya na faɗa mata, don ban sani ba.