Daɓen Ɗakin Jego

Duk wata daula da ɗan Adam ya taɓa kafawa, a kan daɓe ya kafa ta. Masu rubuta tarihi sun shagala da ganuwa da soraye, sun manta cewa kafin mutum ya ci gari sai da ya yi rarrafe, kuma abin da ya fara ɗanɗanawa bayan nonon uwarsa shi ne ƙasar ɗakinta. Wannan magana ban karanta ta a ko'ina ba. A kan keke na ƙirƙiro ta, da buhun jar ƙasa a bayana, kuma har yau ban sami wanda ya saurare ta har ƙarshe ba.

Ni tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. Da na ajiye alli aka yi mini alkawarin takardar yabo da fansho. Takardar ta iso. Abin da na mallaka shi ne gidan gado, da tsohon keke baƙi mai kariyar ɗaura kaya a baya, wanda a wannan zamani ya zama abin hawan masu hikima, don ɓarayin daji babur suke so. Ba a taɓa jin an tare hanya don keke ba.

Ana cikin bazara ƙanwata ta zo daga Gummi da labari. Ita ce gidan rediyon danginmu: haihuwa, rasuwa, saki, kome, duk ta bakinta suke iso mana, ba kuma a kashe ta. Ta zauna ta sha ruwa, ta dubi bango ta ce, "Yaya, ɗiyarka ta yi nauyi." Ɗiyar tamu ce ta fari, tana aure a Gummi wurin wani tela, yaro mai ladabi da ciniki ya ja wa baya tun da kasuwannin ƙauye suka mutu. Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma ko uwarta, wadda duk gidan ke kira Inna, ba ta taɓa ambatonsa ba. "Yarinyag ga" take cewa, tana kallon wani wuri.

Al'ada ta san abin da ke biye. Cikin fari gida ake zuwa da shi. A nan za ta haihu, a nan za ta yi wankan jego, da garwar ruwan zafi da kunun kanwa, ta kwana arba'in a ɗakin uwarta ko kusa da shi. Sau da yawa ma akan ƙara mata watanni, har jariri ya fara zama, ya fara kai hannu ƙasa.

Nan gizo ke saƙar. Gidanmu ya taɓa ganin jariri ya kai hannu ƙasa.

A shekarar da gubar dalma ta ci yaran yankinmu, ƙanena na cikin masu kawo dutsen zinariya gida. A turmin da ake surfe ake daka shi, a tsakar gida ake shanya garinsa, a ɗakin baya yake jibge buhunan. Ba wanda ya ga laifi. Dutse ne, kuma yana kawo nama cikin miya. Autanmu a lokacin yana rarrafe. Ya fara amai, ya koma jijjiga, muka ce iska ce, muka ce shawara ce, muka ce duk abin da bakinmu ya sani. Ranar Laraba muka kai shi makwanci. Daga baya ma'aikatan agaji masu fararen motoci suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu kamar yadda ake kankare ƙanzo, suka zuba sabuwa, suka ce yanzu lafiya lau. Na yi shekaru ina koya wa yara labarin ƙasa, da koguna da duwatsun ƙasashen da ban taɓa gani ba. Ta ƙarƙashin tabarmata kuwa sai da baƙi suka karanta mini.

Don haka da ƙanwata ta tafi, na tsaya a bakin ɗakin baya na yanke shawara. Zan fasa daɓensa har ƙasa, in kwashe, in zuba sabo, in yi wa bango sabon yaɓe. Siminti ba ya cikin maganar. Ni da shi gaisuwar nesa muke yi. Ƙasar kududdufin gari ma ba ta ciki, don a nan ake wanke garin dutse, kuma tun da gonakin nesa suka gagari manoma, mutane sun koma wa sana'ar da ta binne musu 'ya'ya. Ba na zaginsu. Yunwa ba ta karanta allon gargaɗi. Sai na tuna wani tudu mai jar ƙasa a gefen hanyar Bukkuyum, inda masu fararen motoci suka ɗebo tasu. Can na nufa.

Wanda bai taɓa ɗaura buhun ƙasa a kariya ba bai san halin keke ba. Da safe, in za ni, saurayi ne. A dawowa sai ya tuna shekarunsa: gaba ta yi sama, baya ta nutse cikin rairayi, sarƙa ta zame a daidai inda mata ke ɗiban ruwa. Rabin hanya ni ke hawansa, rabi shi ke hawana. Mai facin da ke gindin darbejiya a bakin kasuwa, wanda na taɓa koyarwa bai kuma ɗauki komai ba, ya ga wayoyin ƙafar baya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, wanga keke ko jaki?"

"Keke ne."

"To ka hwaɗa mishi, don shi bai sani ba. Kowa na kai ƙasa gida don zinari, kai kana kai wadda babu komi ciki."

"Don babu komai cikinta nake kai ta."

Ya ci gaba da shafa gam. Shi ma ya kai nasa biyu makwanci a waccan shekara.

Inna ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. In na sauke buhu sai ta miƙo ruwa a kwanon sha, ta ce, "Sannu, Malam," da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Na ɗauka kunyar 'yar fari ce. Uwa ba ta rawar ƙafa a kan cikin 'yar fari. Ko murna za ta yi sai ta juya baya. Na ma yaba mata a raina, na ce ga mace mai riƙe da tarbiyya.

Da ƙasa ta taru, na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi, na ce wa Inna ta kira mata. Daɓe aikin mata ne, kowa ya sani. Gayya ake yi, a zo da madaɓai, a yi waƙa, a buga ƙasa har ta kwanta. Ta ce wance na jego, wance ta tafi biki, wance bayanta na ciwo. Garin nan kaf, babu mace mai lafiya. Sai na ari madaɓi wurin wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na naɗe ƙafar wando, na durƙusa. Tsohuwar ta biyo kayanta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mijina, ba ka waƙa? Daɓe ba ya kwanciya babu waƙa."

"Wadda na iya ta 'yan aji ɗaya ce, Kaka."

"Yi ta hakanan. Kuma in ka gama a sawo maka zane."

Na yi kwanaki ina bugu ina yayyafa makuba. Gwiwoyina suka kumbura, kafaɗata ta daina amsa kira. Amma daɓen ya fito ja wur, sumul, har in hasken hantsi ya shigo sai ya zame a kansa. Ban taɓa rubuta wani abu a allo da ya kai shi kyau ba.

Ranar da ya bushe na kira Inna ta gani. Ta zo ta tsaya a dokin ƙofa, ba ta taka ba. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Malam."

"Saura gado da labule. Yaushe za a je ɗauko ta?"

"Ba ta zakkuwa."

Na ce surukai ne suka hana? Na fara shirya jawabin da zan yi musu a kan al'ada.

"Ba su ba ne. Ni nic ce mata kar ta zaka. Tun ran da ƙanwarka tat tahi na kira ta."

"Ke? Kin kira ta?"

"Da sunanta," in ji ta.

A duk zamanmu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ranar da ta faɗe shi, don ta ce wa mai shi kada ta zo gida ne. Na ce ai an kankare gidan. Na ce ga sabuwar ƙasa, daga tudun da masana suka zaɓa. Na kawo hujjoji a jere kamar mai duba makarantu na zaune a bayan aji.

"Ɗaki ɗai ka gyara," ta ce. "Iska hwa? Ƙahwahun masu shigowa barka hwa? Gidan ga ya ci guda. Ba ni ba shi na biyu."

"To me ya sa kika bar ni ina ta jigila?"

"Tun da munka kai yaron ga ban ga ka tashi da sahe kana sauri ba, sai bana. In hana ka?"

"To" kawai na ce. Ni da na yi rayuwata ina cewa yara su ba da amsa a cikakkiyar jimla.

Da watan haihuwa ya kama, Inna ce ta tafi. Na ɗaura mata garwa da ƙullin kanwa a kariya, na tura keke har bakin hanya, ta shiga motar Gummi. Aka sami namiji. Ban je suna ba, don a makon hanyar ba ta biyuwa. A waya na yi addu'a, rabinta ya tafi da rashin sabis. Inna ta yi musu arba'in ta dawo, ta ce ɗakin siminti ne, tsakar gidan ma siminti, ana share shi safe da yamma. Ranar na ga ta ci tuwo da yawa. Ni kuma na shigar da keke ɗakin baya, don damina ta sauka, kuma babu inda ya fi can bushewa. Na gaya wa kaina cewa an kayar da ni, amma a hannun wadda ta fi ni gaskiya, kuma yaron na kan ƙasa mai aminci. Mutum na iya rayuwa da wannan.

Bayan girbi ƙanwata ta sake zuwa. Ta zauna ta sha ruwa. Ta ce yaron ya fara rarrafe, ba ya zama wuri ɗaya, komai ya gani sai baki. Ta ce mijin ɗiyar tamu ya sayar da keken ɗinki. Dutsen zinariya yake saye yanzu, a tsakar gida ake daka shi.