Rediyon Maigida a Guangzhou

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, ni da wata abokiyar kasuwancina. Tafiyata ta farko ke nan tun da na fita takaba. A jakata, cikin tsohon rawaninsa, na naɗe rediyon maigida.

Tsohon soja ne, a sashen sadarwa ya yi aiki. Da ya yi ritaya, kullum bayan la'asar sai ya hau bene da rediyon nan da wata eriya da ya haɗa da wayar shanya, yana kamo muryoyi daga taurarin ɗan'adam na sojan Rasha. Bai iya Rashanci ba. Da muryoyin sun shigo sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, baƙina sun iso." Ni kuwa in ce a tambaye su ko za su ci tuwo. Bayan rasuwarsa rediyon ya mutu, Kano kuma aka rasa mai gyara.

Guangzhou tana nan da zafinta da hanzarinta. Kwana uku muna kasuwar Guangyuan muna zaɓen dogayen riguna, farashi ya hau, ƙafa ta kumbura. Taliyarsu mai romo ce ta riƙe mu. A rana ta huɗu na shiga kasuwar kayan lantarki. Duk shagon da na nuna rediyon sai a kaɗa hannu a ce "meyo", wato babu.

Can ƙurya wani dattijo ya karɓa. Ta wayarsa mai fassara ya sanar da ni cewa zai gyaru, amma duk lambobin tashoshin da aka adana a ciki za su goge. Lambobin nan maigida ya yi shekaru yana lalubo su.

Abokiyata ta ce, "Hajiya, ki bari kawai. Ko a mace, ai nasa ne."

Na rungume rawanin a ƙirjina. Dattijon ya dube ni, ya jona wasu siraran wayoyi biyu, ya riƙe su da yatsu har allon ya kawo haske dishi-dishi. Bai motsa ba sai da na kwafe lambobin duka a bayan takardar odar riguna. Sannan ya gyara rediyon.

Na koyi cewa abin da ka gaza faɗa, wani yakan gane shi ko babu harshe.

Ranar da muka dawo, bayan la'asar na hau benen, na mayar da lambobin cikin rediyon. Na daɗe ina jin shuuu. Sai ga muryoyin. Na yi masa addu'a, na ce a raina, baƙinka sun iso.