Baba da Yashin Huangpu

Shekara ashirin Baba ya yi yana bin koguna da rariya, yana ɗebo wa masu neman lu'ulu'u yashi. Jajayen ƙwayoyi yake dubawa a ciki, su ke nuna dutsen na kusa.

Da ganinsa ya yi rauni, na kawo shi birnin Guangzhou wajen likita. Ranar da muka je tashar jiragen ruwa ta Huangpu duba kwantenar takalmana, na waiga na gan shi tsugune a bakin ruwa, yana murza yashi a tafin hannu, mutane na kallo.

Raina ya ɓaci. "Haba Baba, tashi mana!"

Ya miƙo min hannun. "Duba min, 'yar nan. Akwai ja?"

Babu ko ɗaya. Amma na tsuguna, na daɗe ina dubawa.