Zakaran Karofane

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, ranar da na yi rakiyar zakara daga Karofane zuwa ƙasar Keita ba za ta goge ba.

A lokacin ina aiki a Yamai, na samu konje, wato hutun aiki, na zo gida Madawa. Abokan aikina kullum sai nuna hotunan wuraren da suka je, ni kuwa duwatsun Adar da ke bayan ɗakinmu ban taɓa taka su ba. Sai na ci farar shadda, na ɗora baƙin tabarau, na shiga motar ƴan kasuwa ina jin kaina kamar wani Bature.

Da muka tsaya Karofane, wata tsohuwa mai dogara sanda ta bi fasinjoji da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta tsaya.

"Ɗana, ina zuwa?"

"Keita, inna. Yawon buɗe ido nike."

"Wa gare ka can?"

"Ba kowa. Duwatsu zan kallo."

Ta riƙe baki. "Duwatsu? To tunda ba ka da aikin yi, ga sallahu. Ɗiyata ta haihu, gobe suna, ƙahwata ta hana ni tahiya."

Kafin in buɗe baki ta dire min zakara a cinya da ƙullin yajin jego, ta faɗi sunan ƙauyen da na mijin ɗiyar. Na waiga ko wani zai cece ni, duk motar babu wanda ya ga abin mamaki. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Riƙe shi da kyau, amana ce."

Zakaran nan ba shi da tarbiyya ko ta ƙwayar gero. Kafin mu kai Buza ya sa wa shaddata hannu da kashi har wuri biyu. Duk dutsen da na ɗaga waya zan ɗauka, sai ya buga fiffike hoton ya fito gashi zalla. Wallahi na yi niyyar miƙa shi ga mai tsire, amma ƙafar tsohuwar nan ta riƙa faɗo min a rai.

Ashe ƙauyen ma ba a bakin hanya yake ba. Direba ya sauke ni, ya nuna min wata siririyar turba tsakanin gonakin dawa. Na bi ta ina tambaya, kuma abin da na lura shi ne, da na ce sallahu na kawo, sai fuska ta sake. Wannan ya ba ni ruwa, wancan ya taka min.

Mai jego tana kwance ƙullin, ƙanshin yajin ya bugi hancinta, sai hawaye. "Dakan inna ne," ta ce. "Na aza ta manta da ni." Nan na cire tabarau na sa aljihu.

Suka hana ni tafiya. Na kwana, na sha fura, aka raɗa suna da ni a sahun dangin uwa. Zakaran kuwa mun sake haɗuwa da rana a kan tuwo, na yafe masa duniya da lahira.

Da zan taho, mai jego ta miƙo min ƙullin alewa da goron suna. "Ka ce mata namiji ne, kuma hancinta ya ɗauko."

Na tarar da tsohuwar a inda na bar ta, idonta a kan hanya. Da na isar da saƙon, ta rangaɗa guɗa, sannan ta tambaye ni, "To, ka ga duwatsun naka?"

Na Keita dai ban gan su ba, har na koma Yamai. Amma tun ranar na gane cewa mai yawon buɗe ido, ya je ko ya fasa, babu wanda ya damu. Matafiyi kuwa ana jiransa a can, ana jiransa a nan.