Sunan kawuna a takardar ƙosai

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina aiki a wani ofishin ayyukan gona a Funtua, ni ne mai kula da kwamfuta. Kada ku kawo irin ta kan tebur a ranku. Wannan girmanta ya kai firji biyu, ɗakinta daban, har takalmi ake cirewa kafin a shiga. Ni kuwa lokacin gani nake duk garin babu mai ilimina, biro uku nake jerawa a aljihun gaba.

Wata shekara aka ce a fitar da sunayen manoman da za a raba wa irin auduga mai magani, tun daga Dandume har Malumfashi, kowa da ƙauyensa da girman gonarsa. Injin ya yi kwana biyu yana gurnani kafin ya tace su. Da sakamakon ya fito sai faifan cikinsa ya cika maƙil, ga wasu ayyuka suna jira. Dole a kwashe shi, ko dai a naɗe a tef, ko a buga a takarda.

Na sami ogana na ce, "Yallaɓai, a ba ni tef biyu. Ɗaya mu ajiye nan, ɗaya a kai Kaduna inda ake da irin injinmu. Ko namu ya lalace, yini ɗaya an buga mana a can."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tef? Waƙa za mu saurara? Ni abin da idona bai gani ba ban yarda akwai shi ba. Buga a takarda, ka goge na ciki."

"To a yi duka biyun mana, yallaɓai."

"Kai ne oga ko ni?"

Abin haushin, tef ɗin suna nan sababbi fil a kabad ɗinsa, baƙi kawai yake nuna wa! Na buga, kwali shida cur, aka kai sito bayan buhunan iri. Nan ni ma na tafka tawa wautar, don saboda fushi ko alama ban rubuta a jikin kwalayen ba.

Bayan sati uku wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu a injin. Mai gyara daga Legas ya aiko cewa sai bayan wata guda, kafin nan kuwa babu halin sake tace sunayen. Ga hadari ya fara haɗuwa, manoma sun fara cika ƙofar ofis. Muka je sito ɗauko takardu, sai muka tarar da kwali huɗu.

Ashe dattijon da ke share siton ne ya kwashe biyu. Al'adar ofishin, duk takardar da aka gama rubutu a kanta kuma babu hatimi ko alama, shi ake bar wa ya kai wa mata masu ƙosai a tasha. Bawan Allah bai yi laifin komai ba. Kwali biyun da suka tafi na ɓangaren Dandume ne, har da Mahuta, inda kawuna yake noma, mutumin da ya rene ni tun rasuwar mahaifina.

Ogana ko a jikinsa. Ya ce wanda babu sunansa a takarda babu iri, ya kuma baza wa manoma cewa kwamfuta ce ta cinye sunayensu. Kwamfutar wa? Tawa. Wallahi har kunyar bi ta ƙofar gaba nake ji.

Kawu ya zo da sassafe, aka sallame shi hannu rabbana. Ya tsaya a tasha ya sayi ƙosai kafin mota ta cika. Da yake ya ɗan taɓa yaƙi da jahilci, yana buɗe ƙunshin ya ga an rubuta Mahuta. Ya bi layi da yatsa har ya iso kan sunansa. Ya dawo ofis a ƙafa, ya shimfiɗa takardar a teburin oga.

"Ranka ya daɗe, an ce sai mai suna a takarda. Ga takarda, ga suna."

Oga ya ɗaga ta da yatsu biyu yana yamutsa fuska. "Baba, wannan ta sha mai. Ba za ta shiga fayil ba."

Ina zaune a gefe, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Haba yallaɓai! Kai ka ce sai abin da ido ya gani. To ga shi idonka ya gani, me ya rage? Ka ji tsoron Allah mana!" Washegari aka mayar da ni sito, ni da biro ukuna.

Sai da shuka ta wuce aka gyara injin. Kawu da maƙwabtansa tsohon iri suka shuka, tsutsa ta yi musu kaca-kaca. A shekarar audugar da ya tsinta ba ta cika mangalar jaki biyu ba.

Har na yi ritaya ban sake yarda wani muhimmin abu ya zauna wuri ɗaya tak ba, kuma ban sake barin kwali babu rubutu don ina fushi ba. Ogan ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna yatsun nan biyu sai raina ya ɓaci.

Takardar tana wurina, man ya mayar da ita ja. A ƙofar ofis kawu ya ninke ta ya danƙa mini ran nan, ya ce, "Riƙe ta da kyau, ɗan nan, tunda ku masu ilimi ba ku da wurin ajiya."