Baƙon da Umma take yi wa addu'a

A shekarar da Yayana ya ji ciwo a gwiwar hagu, gidanmu na unguwar Ƙurban a Madina ya yi shiru. Yana buga ƙwallo jijiyar ta tsinke. Aka yi masa aiki, likita ya ce ya riƙa takawa kullum ko ƙafar ta sandare, shi kuwa ya jefa sandarsa bayan ƙofa, ya kwanta da waya a ƙirji.

A wayar nan abokansa na garin Yanbu suka saka shi wani wasa na ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Kowa yakan zaɓi 'yan wasa na gaske ya haɗa ƙungiyarsa, in sun yi ƙoƙari a fili ya samu maki. Yaya ya ɗauki wani mai gudu da ƙwallo da ya taɓa karyewa a idon sawu, ya goce a kafaɗa, ga shi yanzu yana jinyar gwiwa, ita ma ta hagu. Masana suka ce zamaninsa ya wuce. Abokai suna ta aiko da murya suna dariya: "Ya sheikh, ƙungiya ka buɗe ko mustashfa?" Wato asibiti.

In na kai masa shayi nakan tarar yana kallon mutumin a wayar yana koyon tafiya cikin ruwa. Wata rana na ce, "Yaya, ka sake shi mana, kai ne na ƙarshe a wasan."

"Khalas, ya isa haka, ke. Zai dawo." Bai ɗago ba.

Umma ta ji mu. "Wa zai dawo? Ɗan gidan wa ne?"

Muka yi mata bayani: ba ta san shi ba, mu ma haka, yana can ƙetaren teku. Ta ce, "To ba uwa ce ta haife shi ba?"

Mu mazauna Madina mun saba da ɗaukar saƙon addu'a. Duk Asabar Umma takan taka zuwa masallacin Ƙuba ɗauke da buƙatun dangin Kano da na Sudan, sai ta ƙara da wannan baƙo. In ta dawo takan tambaya, "Ya mai jikin?" Yaya ya amsa da ɗoki, har da kwatance: ya fara lanƙwasa ƙafa, ya fara sassarfa. Tasa gwiwar kuwa tana kan matashi.

Wata Asabar da safe ta sa abayarta, ta tsaya a kansa.

"Na gaji da kai saƙon mutumin da ban taɓa gani ba. Kai da ka san shi, tashi ka kai da kanka."

"Ya Ummi, da nisa."

"Shi yana sassarfa, ka ce."

Ya ajiye wayar a gefe. Sannan ya ce in miƙo masa sandar.

Na bi su a baya. Tantabaru suna tashi gabanmu, rana ta fara taɓa fararen hasumiyoyin. Yana ɗingishi yana mita da Larabci, tana ba shi amsa da Hausa, ta rage saurinta ba tare da ta nuna ba.